DASHEN HAƘORI GA WAƊANDA AKA HAIFA DA TSAGEWAR LEƁE DA GANƊA

Bayani ga Iyaye da Matasa

GABATARWA

An shirya wannan 'yar takarda ne domin iyaye da masu riƙon yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, da kuma samari da 'yan matan da aka yi wa ɗinki tun suna jarirai, amma har yanzu suna da giɓi a jeren haƙoransu na sama.

Iyaye da dama, da zarar an ɗinke leɓen jariri fuska ta daidaita, sai su yi godiya su koma gida, ba a ƙara ganinsu a asibiti. Godiya kam ta dace, amma fa aiki bai ƙare ba. Ɗinkin leɓe shi ne matakin farko na wata doguwar tafiya wadda takan kai shekara 18 ko fiye. Dashen haƙori, ga mai bukatarsa, shi ne matakin ƙarshe. Abin da muke so jama'a su riƙe shi ne wannan: haƙorin da za a dasa wa saurayi yana ɗan shekara 18 ko 20, tun yana ɗan shekara 9 ake shirya masa wurin zama. Wanda ya tsallake wannan shiri, ya jawo wa ɗansa ƙarin wahala da ƙarin kashe kuɗi.

MECE CE TSAGEWAR LEƁE DA GANƊA?

Fuskar ɗan Adam ba a dunƙule take fara samuwa cikin mahaifa ba. Sassa ne dabam-dabam da ke tsirowa daga sama da gefe da gefe, su haɗu a tsakiya su manne da juna. Leɓen sama yakan haɗu tsakanin mako na 4 da na 7 da samun ciki. Ganɗa kuwa, watau rufin baki wanda ya raba baki da hanci, takan haɗu tsakanin mako na 6 da na 9. In sassan nan ba su gama haɗuwa ba, sai a haifi jariri da tsaga a leɓe, ko a ganɗa, ko a duka biyu. Tsagar takan kasance a gefe ɗaya, wani lokaci kuma a gefe biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun wannan lalura ga jariri 1 cikin kowane 1,000 zuwa 1,500 da aka haifa. Gado yana daga cikin dalilanta. Haka kuma shan taba ko giya lokacin goyon ciki, da ciwon sukari, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da wasu magungunan farfaɗiya, duk suna ƙara yiwuwar aukuwarta. Ba sammu ba ce, ba aikin aljanu ba ce, ba kuma husufin wata ke kawo ta ba. Sau da yawa ma tsagar ta riga ta auku tun matar ba ta tabbatar tana da ciki ba. Saboda haka bai dace miji ko dangi su ɗora wa uwa laifi ba.

ABIN DA TSAGAR KE YI WA HAƘORA

Ƙarƙashin naman dasashi akwai ƙashi, a cikinsa ne saiwar kowane haƙori ke kafe. Ga galibin yaran da tsagarsu ta haɗa leɓe da ganɗa, tsagar takan ratsa wannan ƙashi ta raba shi. Mai ɗinkin leɓe fata da tsoka yake haɗawa. Ramin da ke cikin ƙashi yana nan a ɓoye bayan leɓen.

Ku dubi haƙoran sama, ku ƙirga daga tsakiya. Na farko shi ne babban haƙorin gaba, na biyu ƙaramin haƙorin gaba, na uku fiƙa. Tsagar takan bi ta gurbin haƙori na biyu ne. Don haka wannan haƙori shi ya fi shan wahala. Ga wasu yara ba ya samuwa sam. Ga wasu yakan fito ɗan siriri, ko a karkace, ko ya ɓullo ta ganɗa. Wasu kuma sukan sami haƙori na ƙari a bakin tsagar. Haƙoran da ke maƙwabtaka da ramin su ma ba su da isasshen ƙashin da zai riƙe su, don haka sukan yi girgiɗi da wuri.

Har ila yau, sau da yawa akan sami 'yar kafa a wurin tsakanin baki da hanci. Yaro na shan koko ko fura, sai a ga abin yana fitowa ta hanci, iska kuma tana tserewa ta nan in yana magana. Ga yaro ɗan makaranta wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama tsokanar abokai takan sa shi ƙin buɗe baki a aji.

MENE NE DASHEN HAƘORI?

Dashen haƙori ya sha bamban da haƙorin Makka, wanda kwasfa ce ta zinariya ko azurfa da ake sa wa haƙorin da ke nan da ransa. Ya kuma sha bamban da haƙoran roba da ake cirewa a wanke. Dasasshen haƙori kashi uku ne:

1. Saiwa. Wata 'yar ƙusa ce mai zare kamar sukuru, wadda ake yi da wani ƙarfe mai suna taitaniyam. Kaurinta yakan kama daga milimita 3 zuwa 5, tsawonta kuma bai cika wuce santimita ɗaya da kaɗan ba. Ita ake kafawa cikin ƙashi.

2. Mahaɗi. Ɗan guntun ƙarfe ne da ake ɗaurawa a kan saiwar, ya leƙo ta cikin dasashi.

3. Kan haƙori. Shi ne abin da ido ke gani. Galibi da tangaran ake yin sa, a daidaita launinsa da girmansa da sauran haƙoran mutum.

Asirin wannan aiki yana ga ƙarfen. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana binciken yadda jini ke gudana cikin ƙashin zomo. Ya sa wata 'yar na'ura ta taitaniyam a ƙashin, da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen gam. A nan ya gane cewa jiki ba ya ƙyamar wannan ƙarfe. A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa saiwoyi huɗu a muƙamuƙin ƙasa na wani mutum wanda ya rasa haƙoransa na ƙasa. Abin lura shi ne, wannan mutum na farko an haife shi ne da tsagaggiyar ganɗa, kuma saiwoyin sun yi masa aiki shekara 40 har ƙarshen rayuwarsa. Bayan wani taron likitoci da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982, fasahar ta bazu cikin duniya. A 1991 ne wasu likitoci a Amurka suka ba da rahoton kafa saiwa a daidai gurbin tsagar dasashi bayan an cike shi da ƙashi.

SAI DA ƘASHI AKE DASHE

Manomi ya san ba a dasa itace a kan rami. Haka abin yake a baki. Saiwar ƙarfe tana bukatar ƙashi ya kewaye ta ta kowane gefe, gurbin tsaga kuwa babu ƙashi. Tilas ne a fara cike ramin. Wannan aiki shi ake kira dashen ƙashi, kuma shi ne matakin da iyaye suka fi tsallakewa, domin daga waje ba a ganin bukatarsa.

Wasu likitoci biyu na Amurka, Boyne da Sands, su suka bayyana hanyar da ake bi yanzu a 1972. Akan sa yaro barci a ɗakin tiyata. Likita yakan yi 'yar tsaga a ƙugu, ya ɗebo ƙashi mai laushi na ciki, mai kama da soso, gwargwadon abin da zai cike ramin. Sa'an nan ya buɗe dasashi, ya ɗinke kafar da ke zuwa hanci, ya cusa ƙashin, ya rufe da naman dasashi. Yaro yakan yi 'yan kwanaki a asibiti. Zai yi ɗingishi na ɗan lokaci, sa'an nan ƙugu ya warke ya koma yadda yake.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin shekara 8 da 11, bayan yaro ya fara famfara, amma kafin fiƙar girma ta fito. Likita yakan gane lokacin ta hanyar hoton ƙashi, ba ta ƙirga shekaru kaɗai ba. Dalilin zaɓen wannan lokaci shi ne, in fiƙa ta zo fitowa sai ta ratsa ta cikin sabon ƙashin, ta kafu a ciki, ta kuma raya shi. Aikin da aka yi kafin fitowar fiƙa ya fi kamawa bisa ga wanda aka yi bayanta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin dashen ƙashi, sau da yawa akan sa wa yaro wayar gyaran haƙora na 'yan watanni domin a buɗa muƙamuƙin sama wanda ya tsuke.

DON ME AKE JIRA SAI AN GAMA GIRMA?

Iyaye sukan tambaya, tun da an cike rami yaro na shekara 10, me zai hana a dasa haƙorin nan take? Amsar ita ce, haƙorin halitta yana tafiya tare da muƙamuƙi yayin da yaro ke girma. Saiwar ƙarfe kuwa kamar turke take, inda aka kafa ta nan za ta tsaya. In aka dasa wa yaro ƙarami, maƙwabtan haƙorin za su ci gaba da saukowa, shi kuwa a bar shi a baya, ya zama gajere ya nutse cikin dasashi. Gyara wannan kuskure yana da wuya ƙwarai.

Saboda haka sai an jira girman fuska ya tsaya. Ga 'yan mata wannan yakan kasance wajen shekara 16 zuwa 18, ga samari kuma 18 zuwa 21. Sauri ya haifi nawa.

Akwai abu guda da ya kamata a sani tun da wuri, don kada a ɗauka an yi asarar aikin farko. Ƙashin dasashi saboda haƙori yake zama da kauri. Inda babu haƙori, yakan riƙa zaizayewa a hankali. Don haka a cikin shekarun jira, ƙashin da aka dasa a gurbin haƙori na biyu yakan ragu, kuma sau da yawa sai an ɗan ƙara wani kafin a kafa saiwa. Amma ƙari a kan harsashi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba bisa ga fara gini daga rami. Bayan wannan ƙari, akan kafa saiwar cikin wata 4 zuwa 6, tun ƙashin bai sake raguwa ba.

Wasu matasa kuma muƙamuƙinsu na sama yakan noƙe baya saboda tabon ɗinki. Irin waɗannan sukan bukaci tiyatar jawo muƙamuƙi gaba, kuma a bisa al'ada ita ake fara yi kafin dashen haƙori.

YADDA AKE YIN AIKIN

1. Bincike. Likita zai duba lafiyar dasashi da sauran haƙora, ya ɗauki hoto na musamman mai nuna tsawo da kaurin ƙashi. Duk haƙorin da ya ruɓe sai an gyara shi tukuna.

2. Gyaran gurbi. Da wayar gyaran haƙora ake buɗa fili daidai da faɗin haƙorin da za a sa, wajen milimita 6 zuwa 7, a kuma miƙar da saiwoyin maƙwabta don kada ƙarfe ya taɓa su.

3. Ƙarin ƙashi, in hoto ya nuna akwai bukata.

4. Kafa saiwa. Galibi allurar kashe zafi ta wadatar, ba sai an sa mutum barci ba. Likita ya buɗe dasashi, ya huda ƙashi a hankali, ya murɗa saiwar ciki, ya ɗinke. Akan koma gida ran nan.

5. Jiran kamawa. Ƙashi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya manne da ƙarfen. A wannan lokaci akan ba mutum haƙorin wucin gadi don rufe giɓi.

6. Sa kan haƙori. A ɗauki awon baki, a ƙera haƙorin, a ɗaura shi.

Rahotannin da likitoci suka tattara daga ƙasashe dabam-dabam sun nuna cewa kimanin 9 cikin 10 na saiwoyin da aka kafa a gurbin tsaga suna kamawa su daɗe suna aiki. Amma gaskiya ita ce naman dasashin wurin yakan kasance da tabo, ba shi da kauri. Wani lokaci sai an ƙaro nama daga wani sashen baki, wani lokaci kuma haƙorin yakan ɗan fi na ɗaya gefen tsawo. Likitan kirki zai faɗa muku wannan tun kafin a fara.

BA KOWA KE BUKATAR DASHE BA

Dashen haƙori hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da dama, kuma ba ita ce mafi kyau ga kowa ba.

Hanya ta farko ita ce rufe giɓi da haƙoran mutum na kansa. In an yi dashen ƙashi a kan kari, likita yana iya jawo fiƙa da waya ta maye gurbin haƙorin da babu, a ɗan gyara siffarta. Wanda aka yi wa haka ba ya bukatar a dasa masa saiwar ƙarfe a wannan gurbi. Wannan ma wata riba ce ta zuwa asibiti a kan lokaci.

Ta biyu ita ce haƙorin da ake maƙala wa maƙwabtansa da wani irin gam mai ƙarfi. Ba ya bukatar tiyata, ya kuma dace da matashin da bai gama girma ba.

Ta uku ita ce haƙorin roba na cirewa. Shi ya fi araha. Ga wanda ke da rami a ganɗa wanda ba a samu ɗinkewa ba, akan haɗa haƙorin da wani faifan roba mai toshe ramin, domin ci da sha da magana su gyaru.

Manya waɗanda ba a taɓa yi musu dashen ƙashi ba, kada su fid da rai. Ana iya yin sa ko da an girma, sai dai kamawarsa ba ta kai ta ƙuruciya tabbas ba.

ABUBUWAN DA KE ƁATA AIKI

Taba ita ce babbar abokiyar gabar dashe. Hayaƙinta yana rage jinin da ke zuwa dasashi, ya hana ƙashi warkewa. Mai son dashe lalle ya bar sigari da taba gari. Ciwon sukarin da ba a shawo kansa ba shi ma yana hana warkewa. Haka nan ciwon dasashi, wanda alamarsa ita ce jini lokacin goge baki.

Wajibi ne a gaya wa likita in akwai sikila, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ko yawan zubar jini, ko juna biyu, a kuma nuna masa duk maganin da ake sha, na asibiti da na gargajiya.

KULA DA DASASSHEN HAƘORI

Dasasshen haƙori ba ya ruɓewa, amma naman da ƙashin da ke riƙe da shi suna iya kamuwa da ciwo in datti ya taru. Ciwon yakan ci ƙashi a ɓoye ba tare da zafi ba, har haƙorin ya soma motsi. Saboda haka:

(a) A goge baki sau biyu kowace rana, safe da kuma kafin barci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Mai amfani da asuwaki ya tausasa bakinsa sosai, kada ya kurje dasashi.

(b) A tsabtace tsakanin haƙora da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da likita zai nuna. Kada a yi sakace da tsinke mai kaifi, ko allura, ko ashana.

(c) Kada a buɗe kwalba da haƙori. Kada a gatsi goruba, ko rake, ko ƙashi da haƙorin da aka dasa.

(d) A koma asibiti a duba aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, ko da babu abin da ke ciwo.

(e) In an ga jini, ko kumburi, ko mugunya, ko wari, ko haƙorin yana motsi, a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.

INA ZA A JE?

Wannan aiki ba na likita ɗaya ba ne. Yana bukatar likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi, da mai gyaran jeren haƙora, da mai ƙera haƙora, da likitan kunne, da mai koyar da magana. Asibitocin koyarwa na Tarayya suna da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi. Daga cikinsu akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos, da Asibitin Ƙasa a Abuja, da na Legas, da Ibadan, da Ile-Ife, da Benin, da Enugu. Ku fara da wanda ya fi kusa da ku. In akwai matakin da ba a yi a can, za a tura ku inda ake yi.

Ƙungiyar agaji ta Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana ɗaukar nauyin ɗinkin leɓe da ganɗa kyauta a asibitoci da dama na ƙasar nan. Dashen haƙori kuwa aiki ne mai tsada, gama daga ƙasashen waje ake shigo da kayansa. Ku nemi a rubuta muku kuɗin kowane mataki tun kafin a fara, ku kuma tambayi wanne ne agaji zai ɗauka, wanne ne zai hau kanku. Tun da shekarun jira suna da yawa, akwai sarari na yin tanadi kaɗan-kaɗan.

Muna gargaɗin jama'a su guji masu sa haƙori a kasuwa ko a tasha. Likitan haƙori na gaskiya yana da rajista da Majalisar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, kuma haƙƙinku ne ku nemi ganin shaidarsa. Ƙashin da aka sha wahala aka dasa, hannu ɗaya marar ƙwarewa yana iya lalata shi cikin sa'a guda.

ABIN TUNAWA

Daga haihuwa: a kai jariri asibiti, a koyi yadda ake shayar da shi.

Wata 3 zuwa 6: ɗinkin leɓe.

Wata 9 zuwa 18: ɗinkin ganɗa, kafin magana ta kafu.

Shekara 2 zuwa 7: duba kunne da magana, da kare haƙoran yarinta daga ruɓewa. A rage alewa da lemon kwalba.

Shekara 7 zuwa 8: a koma don hoton ƙashi, ko da yaro lafiyarsa lau.

Shekara 8 zuwa 11: dashen ƙashi.

Shekara 12 zuwa 16: gyaran jeren haƙora, da yanke shawarar rufe giɓi ko barinsa domin dashe.

Bayan an gama girma: tiyatar muƙamuƙi in da bukata, sa'an nan dashen haƙori.

Iyaye, ku adana katin asibiti da duk hotunan da aka ɗauka, gama likitan da zai yi aikin ƙarshe mai yiwuwa ba shi ne ya yi na farko ba. Malaman makaranta, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin coci, da ungozomomi, ku taimaka wajen tunatar da iyayen irin waɗannan yara, musamman in kun ga yaro ya fara famfara. Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.